Taken Altine Baƙo

Ranar da Altine ya shigo Tungar Jima, hadari ya taso daga gabas tun da hantsi, baƙi ƙirin, har mata sunka kwashe shanya, sunka jera tukwane bakin ɗakuna. Iska ta zo da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta girgiza dannin gidaje, sannan hadarin ya yi yamma abinsa bai zubar da ko ɗigo ba. Mutane na tsaye ƙofar gida suna bin shi da kallo, sai ga wani dogon mutum ya ɓullo ta hanyar Bangi, ɗauke da kaya a ka, nannaɗe cikin tsohon bargo. Wasu sunka zaci hatsi ne, sunka matso. Da ya sauke ya kwance, sai ga ganga. Wata tsohuwa ta dube ta, ta dube shi, ta ce, "Mu muna jiran ruwa, an aiko muna hwata da icce."

Wannan shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa ce, yau shekara arba'in ko kusa da haka.

Altine ɗan gidan makaɗa ne daga Dutsin Kalgo, can ƙasar Keita, inda gonaki ke maƙale tsakanin duwatsu. Ubansu makaɗin noma ne, kakansu ma haka. Su uku ya bari: Iliya babba, sai Altine, sai autansu Harisu. Yunwa ta zo ta ɗauke Harisu, ta watsa garin. Iliya ya ce shi ba ya barin kushewar ubansu. Altine ya ɗauki ƙaramar gangar gidan ya yi kudu, yana kwana gari yana tashi, har ya kawo inda anka ce masa akwai fili ga mai son noma.

A wajensu can, kowane manomi yana da take, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, kamar suna. In gayya ta yi zafi, makaɗi ya bi bayan mutum ya buga takensa, sai mutumin ya ɗago, ya yi kirari, ya jefa hauya sama ya cafe, ya taka rawa, sannan ya duƙa ya yi gaba ya bar na kusa da shi. Makaɗa ma suna da nasu. Sai dai a gidan su Altine akwai doka: makaɗi ba ya buga taken kansa, ba ya rera shi da baki, ba ya koya wa kowa. Uba ne ke yi wa ɗa, ƴan'uwa su riƙe masa. Ubansu yakan ce ganga kira take yi, wanda ya kira kansa kuwa ya shaida wa duniya ba shi da kowa. To, taken Altine yana hannun mutum biyu. Harisu ya tafi. Saura Iliya. Tun ranar da Altine ya ba Dutsin Kalgo baya, bai sake jin an kira shi da ganga ba, kuma abin nan yana ransa kullum kamar tsakuwa cikin takalmi.

Mutanen Tungar Jima, kakanninsu sun zauna ƙarƙashin masu raƙuman arewa, suna yi musu noma da kiwo. Abin da sunka gada na kiɗa shi ne tande, turmin da mata ke ɗaure wa fata ranar biki su zagaye shi da tafi. Noma kuwa shiru suke yin shi, kowa da gonarsa, ba ka jin komai sai hauya da tari. Ranar farko da Altine ya rataya ganga a gonar maigari ya buga, jakin maigari ya tsinke igiya ya yi daji, maza kuma sunka jingina da hauyoyinsu suna kallo, kamar an zo nuna musu dabo. Ba wanda ya motsa ƙafa.

Ya ce musu rawa ake yi. Sunka ce ya nuna. To, mai ganga a kafaɗa ba ya rawa. Sai ya sauke ta ya aje bisa ciyawa, ya ari hauya, ya shiga tsakiyar gona ya taka musu rawar manoma ba kiɗa. Ba a jin komai sai ƙafarsa cikin rairayi da numfashinsa. Ya jefa hauya ya cafe, ya juya, ya durƙusa, ya tashi. Sunka yi dariya har wani ya faɗi zaune. Ya maida hauya, ya rataya ganga, ya buga abin da ya taka. Haka ya dinga yi duk damanar nan, ya taka shiru, ya buga ba mai takawa.

A cikin masu dariyar akwai wani Yaƙubu, gajere mai baki, wanda kurkunu ta taɓa ci wa ƙafar hagu ta bar shi da ɗingishi. Shi ne ya fara cewa, "Kai Baƙo, wai kowa na da nashi kiɗin can garinku? To yi mini nawa, gobe in zo in amsa."

Altine ya ce, "Ba riga ba ce da za ni ɗinka maka kahin gobe."

"To mi ne ne?"

"Sai na ji hauyarka."

Yadda ubansa ya koya masa ke nan. Ba a yi wa mutum take daga fuskarsa ko daga yawan rumbunsa. Sai an zauna an saurari yadda hauyarsa ke faɗuwa, inda yake sauri, inda yake jan numfashi, yadda yake yi in ya gaji. Don haka in Altine ya gama ɗan abin da zai yi a gonarsa, sai ya je ya zauna gefen gonar Yaƙubu gindin wata aduwa, ya rufe ido. Mutane sunka ce raggo ne. Wasu sunka ce gero yake ƙyallawa tun yana tsiro, don ya san inda zai zo sata da kaka. Yaƙubu kansa yakan jefe shi da hoge ya ce, "In kwana kaka so, tahi gida! Gonata ba masauki ba ce."

Sai a noma na biyu, ranar da anka taru gonar maigari, Altine ya bi bayan Yaƙubu ya saukar da gula, sandar kiɗan nan mai lanƙwasa. Bugu biyu da sauri, sai ɗaya mai ja, biyu da sauri, sai ɗaya mai ja. Yaƙubu ya tsaya da hauya a sama. Ya waiwayo a hankali, baki buɗe.

"Kai! Wanga ai ni ne."

Gona ta ɗauki ihu, don kowa ya gane shi cikin gangar, har da ɗingishin. Yaƙubu ya zagi Altine, ya zagi gangar, sannan ya jefa hauya sama. Bai cafe ba, ta faɗo kusa da ƙafar maigari. Amma ya taka, da ƙafarsa mai kyau da maras kyau, kuma ran nan ba wanda ya kamo shi har bakin gona.

Daga nan kowa ya so nasa. Altine bai yi gaggawa ba. Wani ya samu cikin damana guda, wani sai da ya jira uku yana ƙorafi. Kafin yaran wancan lokaci su yi gemu, babu magidanci a Tungar Jima da ba shi da take, kuma gayya ta zama abin garin, har ƙauyukan wajen Urno sukan aiko a zo musu da ganga. Samari sunka iya jefa hauya fiye da shi. In baƙo ya tambaya, sai su ce ai rawar kakanninsu ce.

Shi kuwa sunansa bai sake ba. Altine Baƙo. Da kaka kowane gida na kai masa dami, ba a taɓa hana shi ba. Amma in an shimfiɗa tabarma wajen suna ko ɗaurin aure, wurinsa na can bakin gefe, kuma da ya nemi aure sai kowa ya tuna ɗiyarsa an riga an yi mata miji. Tabawa ce ta aure shi, wata bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ba ta tambayi ra'ayin kowa ba. Sunka samu ɗiya guda da ta rayu, Salma, tana aure a Urno yanzu.

Tabawa ta lura da shi. In an dawo daga gayya, kowa na tafe yana maimaita kirarinsa, shi sai ya rataye ganga ya zauna bayan ɗaki shi kaɗai. Wata rana tana wanke ƙwarya ta kife ta, ta ƙwanƙwasa da yatsa ta ce, "Malam, gwada mini naka da baki, ko sau guda. Ni in buga maka ga ƙwaryar ga. Wa za ya ji?"

Ya ce, "Ni za ni ji."

"Kai da taurin kai kamar jakin maigari."

Ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu, shekara bakwai ko takwas da sunka wuce.

Ba wai bai taɓa komawa gida ba. Ya je sau biyu, amma duka ta'aziyya ce ta kai shi, kuma ba a taɓa ganga a gidan makoki. Da damana, lokacin da ake kiɗa, shi ma gonakin Tunga na jiran shi. Kullum yana cewa baɗi. Abin da ke riƙe da shi shi ne doka ba ta hana tunani ba. In yana noma shi kaɗai, sai ya saki takensa cikin kai, tun daga bugun farko mai nauyi har ƙarshe, da hannun Iliya yadda yake saukar da shi.

Zamani ya juya. Samari sunka fara tafiya cin rani Libiya da Abijan, wasu ba su komowa ko da ruwa ya sauka. Masu hali sunka sayi shanun huɗa. Biki ya koma na salula, wato wayar hannu, da manyan akwatunan sauti da ake haya daga Madawa. Gayya ta ragu, daga goma a damana ta koma biyu, wata shekarar ma babu. Altine bai yi faɗa da kowa ba a kan wannan. Yana shafa wa fata mai, yana rataye ganga inda ɓera ba ya kaiwa.

Bara waccan, wata safiya yana cirar ciyawa cikin wakensa, ya saki taken cikin kai kamar kullum. Ya zo daidai inda kiɗan ke juyawa ya gangara, sai ya tarar ba komai. Ya koma farko. Ya sake isowa wurin, shiru. Ya miƙe tsaye cikin gona yana dube-dube kamar wanda akuyarsa ta ɓace. Kwana da kwanaki yana bin abin, yana sallah yana bin shi, yana cin tuwo yana bin shi. Farkon na nan. Ƙarshen ya tafi.

Yaƙubu ne kaɗai ya gaya wa, suna zaune gindin itacen bedi bayan azahar, dukansu sun tsufa.

Yaƙubu ya ce, "Kai dai wawa ne tun kana da haƙora. Ɗauko ganga ka buga abinka. Kai ya manta, hannu bai manta ba. Wa za ya kai ka ƙara? Ubanka?"

Altine ya san gaskiya ce, hannu zai iya tunawa. Da ya koma gida ya sauko da gangar, ya rataya, ya ɗaga gula. Ya daɗe a haka, a tsakar gidan da ba kowa sai kaji. Sannan ya maida ta inda take.

Washegari Yaƙubu ya ce, "To tunda kai ba ka jin magana, wanka Iliya na da rai ko ba shi da rai?"

"An ce yana nan. An ce jiki ya yi nauyi."

"To mi kaka jira? Sai an aiko ka zo ta'aziyya ta ukku?"

Da anka gama ɗaurin gero, ya nannaɗe ganga, ya hau kabu-kabu zuwa Madawa, daga nan ya shiga motar garin Buza, ya sake wata zuwa Keita. Yaron mota ya so ya ɗaure ta bisa tare da buhunan albasa, ya ƙi, ya rungume ta bisa gwiwa duk tsawon hanya. Wata mata kusa da shi ta ce, "Baba, bikin wa za a yi ba a gaya muna ba?" Ya ce gida za shi.

Dutsin Kalgo ya sake. Inda ya bari tsandauri, ya tarar an jera duwatsu layi-layi a jikin tudu, itatuwa sun fito. A gidansu wata mace ta tarbe shi, Zaliha, matar ɗan Iliya, mijinta na Libiya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo hura, sannan ta rage murya ta ce, "Baba, sai haƙuri. Tsohon wata rana yana gane mutane, wata rana ni ma sai shi tambaye ni ɗiyar wa ce."

Iliya na zaune inuwar rumbu, ya rame, ido ya yi fari-fari. Altine ya tsuguna gabansa.

"Yaya, ina wuni."

"Wa ke nan?"

"Ni ne, Altine."

"Altine ya yi kudu."

"Na komo, Yaya."

Tsohon ya lalubo fuskarsa da hannu, ya shafa gemun. Can ya ce, "Ka samo hatsin?"

Altine ya ce ya samo.

Bai yi zancen ganga ba ran nan. Sai washegari da la'asar, rana ta yi sanyi, ya kwance ta ya aza bisa cinyar Iliya. Tsohon ya shinshina fatar, ya danna da babban yatsa, ya yamutse fuska.

"Wane mahauci ya ɗaure wagga? Kai, ba ka taɓa iya ɗauri ba. Baba ya hwaɗi, ya gaji."

Amma ya miƙo hannu a ba shi gula. Da ta shiga hannunsa sai kafaɗarsa ta miƙe. Ya fara da gaisuwar da gidansu ke buɗe kiɗa da ita, bai kuskure ko bugu guda ba. Maƙwabta sunka fara leƙowa ta kan danni, mata da goyo, tsofaffi biyu da sanduna, har tsakar gidan ta cika. Zaliha ta ɗauko hauya ta miƙa wa Altine. Ya karɓa.

Iliya ya ɗaga kai wajen da yake jin numfashinsa ya ce, "Tashi, yaro. Ga naka."

Ya saukar da gula.

Tun bugu na uku Altine ya gane. Kiɗa ne mai tsalle-tsalle, gajere, mai sauri kamar ɗan akuya bisa dutse. Nasa da nauyi yake farawa, ya tsaya, sannan ya tafi. Wannan taken Harisu ne, autansu, wanda sunka binne da hannunsu shekarar yunwa.

Altine ya tsaya da hauya a hannu. Iliya ya ƙara ƙarfi, yana murmushi, dasashi a waje.

"Amsa mana! Ko ƙasar Bangi ta kurmanta ka?"

Mutane sunka yi dariya, suna jiran rawa. A cikinsu ba wanda ya san na wane ne, duk waɗanda sunka sani suna kushewa. Kalma guda ta isa: Yaya, ba shi ba ne. Wataƙila tsohon ya tsaya ya lalubo na gaskiya. Wataƙila kuma ya tsaya cak gaban jama'a, ya gane abin da ya rage masa ma ya zube. Altine ya ji Zaliha a bayansa tana ce wa wata, "Wallahi tun da damana ban ga murmushinshi ba."

Ya ɗaga hauya. Ya buɗe baki, sai kirarin Harisu ya fito duka, ba inda ya ɓace. Ya taka rawar gajeren mutum da dogayen ƙafafunsa, gwiwa na ƙara, ya jefa hauya ba da nisa ba ya cafe. Mata sunka yi guɗa. Iliya na bugawa yana cewa, "Haka! Haka, ɗan Baba!" har numfashinsa ya ƙare, gula ta zame daga hannunsa.

Da safe, su biyu kaɗai a inuwar rumbu, Altine ya sake aza masa gangar.

"Yaya, akwai wani. Wanda Baba ya yi ranar da na hwara bin ku gona. Mai nauyi daga hwarko."

"Gwada in ji."

"Ka san ba ni iyawa."

Iliya ya gyaɗa kai, ya ji daɗin amsar. Ya motsa leɓe, ya ɗaga gula, ya buga. Na Harisu ne ya sake fitowa.

"Shi ne wanga. Naka guda ne, yaro, kada ka cika kwaɗayi."

"To na Harisu hwa?"

"Harisu na bisa dutsi da awaki. Bari shi komo, sai in buga mai nashi."

Altine ya karɓi gangar a hankali, ya gyara wa wansa mayafi. Ya ƙara kwana uku, kowace safiya yana gwadawa ta wata hanya, yana ambaton gonar da anka fara buga shi, da mutanen da ke wurin. Iliya yakan saurara da kyau, wani lokaci ya yi dariya, wani lokaci ya tambaye shi ko ya samo hatsin. Rana ta huɗu Altine ya yi sallama.

Da ya sauka Tungar Jima, Yaƙubu na gindin bedi.

"Baƙo! Ka samo?"

"Na yi rawa."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"An kira, na amsa."

Yaƙubu ya dube shi ya daɗe. Sannan ya matsa masa wuri bisa tabarma, ya ɓare goro ya miƙa masa rabi.

Iliya ya rasu kafin ruwan shuka. Zaliha ce ta sa anka kira salular wani maƙwabci anka faɗa masa.

Altine yana nan Tungar Jima, a gidan da ya zauna da Tabawa. Yana noma ɗan gero da wake bayan gari, Salma na aiko masa da abin miya ranar kasuwar Bangi. Bana gayya guda anka yi, ya fita da ganga ya buga wa tsofaffi huɗu takensu, har da Yaƙubu, wanda ya amsa daga zaune. Nasa taken, rabin farko na nan cikin kansa, bai buga shi ba, kuma ba sauran mai buga masa.